Kalmar Sirri Tsakanin Masu Kwana Ɗaki Ɗaya

Da safiyar wata Talata, saura kwana 11 ya miƙa kundin digirinsa na biyu, wani ɗalibi da ke zaman haya a Samaru ta Zariya ya buɗe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya rubuta kalmar sirrin da ya shekara biyu yana amfani da ita, sai kwamfutar ta ce ba ita ba ce. Ya sake rubutawa a tsanake, harafi bayan harafi. Ya duba ko maɓallin manyan baƙaƙe ne a kunne. Ya kashe ta, ya sake kunnawa. Amsar ba ta sauya ba. A cikin kwamfutar akwai babi biyar na kundin, da bayanan da ya yi wata uku yana tattarowa daga bakin manoma, da gyare-gyaren malamin da ke duba aikin. Kwafin da ke cikin imel ɗinsa tsoho ne, bai wuce babi na biyu ba.

Su uku ne a ɗakin: shi, da wani abokinsa tun na sakandare, da ɗan kawunsa da ya shigo ajin farko a jami'a, wanda aka damƙa masa amanarsa daga gida. Tukunyarsu ɗaya, bokitinsu ɗaya, cajar waya ma wadda hannu ya fara kaiwa gare ta ake ɗauka. Da ya tambaya ko wani ya taɓa kwamfutar, abokin ya rantse bai taɓa ba. Ɗan kawun ya ce, "Yaya, ni na makara," ya ɗauki littattafansa ya fice.

Kafin azahar ɗalibin yana wani shagon gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Mai gyaran bai nemi rasit ba, bai tambayi shaidar cewa kayan nasa ne ba. Ya ciro wani ɗan filashi daga aljihun rigarsa, ya soka, ya kunna kwamfutar yana danna wani maɓalli a kai a kai. Cikin minti 15 ya juyo masa da ita a buɗe, babu kalmar sirri ko ɗaya a kanta. Babi biyar ɗin suna nan yadda ya bar su.

Farin cikin bai daɗe ba. Yana ƙirga kuɗin aikin, wanda bai kai na abincin kwana biyu ba, sai tambaya ta faɗo masa.

"Injiniya, wato duk wanda ya kawo maka ita haka za ka buɗe masa?"

"Malam, ai ba sai an kawo mini ba," in ji mai gyaran. "Yaran da ke shagon nan duk sun iya. Wanda bai iya ba, wayarsa za ta koya masa."

Abin da ɗalibin ya gano a wannan rana ya daɗe da zama sananne a wurin masana tsaron kwamfuta, amma mafi yawan masu amfani da ita ba su taɓa jin sa ba. Kalmar sirrin da ake rubutawa a farkon shiga Windows tana tsare hanya ɗaya ce kawai, wato hanyar da Windows kanta ke gadi. Bayanan da ke rumbun ajiya kuwa, muddin ba a yi musu wani tanadi na daban ba, a fili suke zaune. Windows ba ta adana kalmar sirrin yadda aka rubuta ta. Tana bi da ita ta wani lissafi ne, ta mayar da ita jerin lambobi da haruffa, ta ajiye jerin a wani fayil mai suna SAM. Idan Windows tana aiki, ba ta barin kowa ya taɓa wannan fayil. To, amma idan aka tayar da kwamfutar da wata manhaja daban da ke kan filashi, Windows tana barci ke nan, fayil ɗin ya zama kamar kowane fayil: ana iya buɗe shi, a goge jerin, a bar gurbin fayau. Manhajojin da ke yin wannan aiki suna yawo kyauta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma an yi su ne domin taimakon wanda ya manta kalmarsa. Ba su da hanyar bambance mai kaya da wanda ya ɗauko kayan wani.

Kamfanin Microsoft ma bai ɓoye wannan ba. A shekarar 2000 wani ma'aikacin sashen tsaronsa, Scott Culp, ya wallafa ƙa'idoji goma na tsaron kwamfuta da ya ce ba sa sauyawa. Ma'anar ta ukunsu ita ce, duk kwamfutar da mugu ya samu damar riƙewa a hannunsa ba tare da shamaki ba, ta tashi daga zama ta mai ita. A 2009 wata masaniya 'yar ƙasar Folan, Joanna Rutkowska, ta nuna yadda wanda ya samu 'yan mintoci da kwamfutar da aka bari a ɗakin otal zai iya dasa mata abin da zai sace kalmar sirrin mai ita a gaba. Misalinta na mai sharar ɗakin otal ne, wadda ke shigowa sau ɗaya a rana. Wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ya fi ta dama nesa ba kusa ba: ya san lokacin da ake fita masallaci, ya san nauyin barcin kowa, ya sha ganin yatsu suna tafiya a kan maɓallai, ya san sunan mahaifiya da ranar haihuwa da ƙungiyar ƙwallon da ake goyon baya.

Tarihin kalmar sirri kansa daga nan ya faro. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató ya jagoranci gina wani tsari mai suna CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar amfani da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya. Tun da kowa yana da fayilolinsa a cikin na'ura ɗaya, sai aka ba kowa kalmar sirri. Ba ɓarayin waje aka yi wa wannan tanadi ba, domin a lokacin babu intanet. Abokan aiki ne ake raba wa iyaka. Wanda ya fara karya iyakar kuma na gida ne. Allan Scherr, ɗalibin digiri na uku, an ware masa awa huɗu a mako, ba su ishe shi ba. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari bayan shekaru masu yawa, a 1962 ya aika da buƙatar a buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, aka buga, ya je ya ɗauka, ya riƙa shiga da sunayen wasu. Bai yi don ya cuci kowa ba. Lokaci yake nema a kan na'urar da ba shi da irinta.

Kafin ɗalibin ya bar shagon, mai gyaran ya buɗe masa wani sashe na Windows da ake kira Event Viewer, inda na'urar ke rubuta abubuwan da suka faru da lokutansu. Kowane irin lamari da lambarsa: 4624 shiga ce da ta yi nasara, 4625 yunƙurin shiga ne da ya ci tura, 4723 mai asusu ne ya nemi sauya kalmarsa, 4724 kuwa an sake wa asusu kalma ne da ƙarfin iko, ba tare da an kawo tsohuwar ba. Ga 4724 nan, ƙarfe biyu da 'yan mintoci na daren jiya. Babu jerin 4625 a gabanta. Wato babu wanda ya zauna yana cankar kalmar. A buɗe aka tarar da kwamfutar.

Nan take ya tuna. Ya sayi datar dare mai rahusa, ya sa wasu littattafai suna sauka, ya kishingiɗa yana jira, barci ya kwashe shi.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya wanda bai san tsohuwar kalma ba zai sanya sabuwa? Amsar tana cikin irin asusun da yake amfani da shi. Windows tana da asusu iri biyu, mai cikakken iko da na gama-gari. Asusun farko da aka buɗe a kwamfuta mai cikakken iko ne, kuma galibin mutane a kansa suke zama har kwamfutar ta tsufa, musamman waɗanda suka sayi ta hannu aka ba su ita a shirye. Wanda ya zauna a gaban irin wannan asusu yana buɗe, zai iya sake kalmar sirrin kowa da ke kan na'urar, har da ta mai asusun, da umarni na layi ɗaya. Windows za ta tambaye shi ko ya amince, ya danna "e", shi ke nan. Da a ce asusun gama-gari ne, da ta nemi kalmar sirrin mai iko kafin ta motsa.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Windows tana ɗaure wasu sirrika da kalmar shiga, ciki har da kalmomin da burauza ke adanawa. Idan mai asusu ya sauya kalmarsa ta hanyar da ta dace, ɗaurin yakan bi sabuwar. Idan aka sake ta da ƙarfi, ɗaurin ya tsinke. Da ɗalibin ya koma gida ya tarar kalmomin shafuka da dama da ya bar wa Chrome ta riƙe masa sun ɓace, ya kwana biyu yana neman sababbi ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran na'urar bai ɗauke shi fiye da yini guda ba, kuma ya bi shi ne daga tushe. Abu na farko shi ne kulle rumbun ajiyar gaba ɗaya. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, akwai wani tsari mai suna BitLocker da ke rikiɗa duk abin da ke rumbun ya koma tarkacen lambobi marasa ma'ana, sai da mabuɗi yake komawa rubutu. Mabuɗin yana zama a wani ɗan guntun ƙarfe da ke jikin kwamfutar, mai suna TPM, wanda Windows 11 ta wajabta samunsa tun fitowarta a 2021. Guntun ba ya sakin mabuɗin sai ya ga kwamfutar ta tashi ta hanyar da ya sani. Wanda ya tayar da ita da filashi, ko ya kwance rumbun ya kai wata na'urar, ba zai ga fayil ɗin SAM ba balle ya goge wani abu a cikinsa. Cikakken BitLocker yana zuwa ne a Windows samfurin Pro da na manyan ma'aikatu. Samfurin Home yana da ƙaramin nau'insa a kan na'urorin da suka cika sharuɗɗa, kuma yana buƙatar a shiga da asusun Microsoft. Kwamfutocin Apple suna da nasu mai suna FileVault, masu Linux kuma suna da LUKS.

Wannan kulle yana da haɗarinsa, kuma bai kamata a kunna shi ba tare da sanin haɗarin ba. A lokacin kunnawa ana ba mutum mabuɗin ceto mai lamba 48. Ranar da na'urar ta rikice, ko aka sauya mata wani sashe, ko aka manta kalmar shiga, wannan mabuɗi ne kaɗai hanya. Idan ya ɓace, babu injiniyan da zai iya komai, kuma wannan shi ne ainihin amfanin tsarin. Ɗalibin ya bar kwafi ɗaya a asusunsa na Microsoft, ya rubuta ɗaya a takarda, ya sa a ambulan, ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye tare da takardun gado. Bai bar shi a jakar kwamfutar ba, bai kuma ɗauki hotonsa a wayar da ke kwana a kan tabarma ɗaya da kowa ba.

Abu na biyu shi ne ƙofar da mai gyaran ya bi. Kafin Windows ta tashi akwai wani ƙaramin tsari da ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, wanda ke yanke shawarar inda kwamfuta za ta tashi: daga rumbunta ko daga filashi. Ana shiga wurin ne da danna wani maɓalli a daidai lokacin kunnawa, F10 a yawancin na'urorin HP, F2 a na Dell. Ya sa wa wurin kalmar sirri ta daban, ya hana tashi daga filashi. Wannan kaɗai ba ya isa, domin mai sukudireba zai iya cire rumbun, shi ya sa kulle rumbun ya zo a gaba. Ita ma wannan kalma ya rubuta ta a cikin ambulan ɗin, saboda a sababbin kwamfutoci manta ta babbar wahala ce.

Abu na uku ba ya buƙatar wata fasaha, kuma shi ne wanda da ya hana abin faruwa tun farko. Duk ƙarfin BitLocker, ba ya kare kwamfutar da mai ita ya buɗe da hannunsa ya tashi ya bar ta. Danna maɓallin Windows tare da harafin L yana kulle fuskar cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ke sauka daga intanet yana ci gaba da sauka. Ya mayar da wannan al'ada, ko alwala zai fita. Ya saita na'urar ta kulle kanta bayan minti biyar idan ba a taɓa ta ba. Ya buɗe wa kansa asusun gama-gari na aikin yau da kullum, ya ajiye mai cikakken ikon sai buƙata ta taso. Ya kuma lura cewa asusun Microsoft ana iya sake kalmarsa ta hanyar lambar da ake turowa a waya, don haka ya hana saƙonni bayyana a fuskar wayarsa idan tana kulle.

Sannan ya zaɓi sabuwar kalma. Tsohuwar sunan garinsu ce da shekarar haihuwarsa da alamar motsin rai a ƙarshe, irin wadda shafuka ke yaba wa da cewa tana da ƙarfi, alhali duk wanda ya san shi zai iya kusantarta. Dokar cakuɗa manyan baƙaƙe da lambobi da alamomi ta yaɗu ne daga wata takardar shawara da hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar a farkon shekarun 2000. A 2017 hukumar ta sauya matsayi, ta fifita tsawon kalma a kan cakuɗa ta, ta kuma daina ba da shawarar sauya ta a kai a kai ba dalili. Bill Burr, wanda ya rubuta shawarar farko, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a shekarar cewa ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta. Ɗalibin ya haɗa kalmomi biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ba su kuma da alaƙa da rayuwarsa. Kundin kuwa ya sa shi yana kwafar kansa zuwa Google Drive, wanda ke ba kowa gigabayit 15 kyauta, ya ninka abin da kundi ke buƙata sau ɗaruruwa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya rage. A ɗakin da ake cin tuwo a kwano ɗaya, kulle abu magana ce. Wanda ya ga an juya masa baya ana rubuta kalmar sirri zai ji an kira shi ɓarawo ba tare da an buɗe baki ba. Wannan kunya ce ke sa mutane da dama su bar kayansu a buɗe, ko su faɗi kalmar idan an tambaya, su kuma kasa sauya ta daga baya don kada a ce sun sauya hali. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukunci a kan sauya bayanan kwamfutar wani ba da izini ba, amma babu mai kai ɗan kawunsa ofishin 'yan sanda a kan haka, kuma ko ya kai, zumuncin da zai tsinke ya fi kwamfutar tsada. Sai dai iyaka tsakanin mutanen gida ɗaya ba baƙon abu ba ne. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku a yini da 'yan gida ma sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya, ba don ana tuhumarsu da wani abu ba. Iyayen da suka sa wa adakarsu kwaɗo ba su ɗauki 'ya'yansu ɓarayi ba.

Ɗalibin ya jira har abokin nasu ya tafi kallon ƙwallo. Bai ambaci lamba 4724 ba, bai ambaci ƙarfe biyun dare ba. Ya ce kawai ya san a buɗe ya bar ta, kuma laifin farko nasa ne. Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya yi magana. Yana da aikin aji da aka ce sai an buga shi a kwamfuta, kuɗin shagon buga takardu ya ƙare masa, ya kuma ji nauyin sake roƙo bayan an ba shi aro sau biyu a makon. Da ya ga Yaya ya yi barci ya ɗauka. Ya ji tsoron kada ta kulle kanta yana tsakiyar aiki, sai ya duba a waya yadda ake sa sabuwar kalma, da niyyar mayar da tsohuwar kafin asuba. Sai da ya gama ya tuna bai taɓa sanin tsohuwar ba.

"Me ya hana ka faɗa mini da safe? Ka san inda hankalina ya je?"

"Yaya, wallahi kunya ce. Na ga yadda fuskarka ta yi, sai bakina ya mutu."

Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Ɗalibin ya ga cewa idan ya tsaya a kulle-kulle kawai, ya toshe hanya ne ya bar buƙatar da ta sa aka bi ta. Ya jawo kwamfutar, ya buɗe asusu na uku, na gama-gari, da sunan yaron. Daga wannan asusu ba a ganin fayilolin kowa, ba a sa manhajar da za ta shafi na'urar duka, ba a taɓa kalmar sirrin wani. Suka yi magana a kan lokaci: bayan sallar isha'i zuwa sha ɗaya na yaron ne, in ban da makon miƙa kundi. Sannan ya tura masa kwamfutar, ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ya sa kalmar da yake so.

Yaron ya rubuta, ya maimaita, ya ɗago kai.

"Yaya, kai za ka iya buɗe nawa?"

Gaskiyar ita ce zai iya. Asusu mai cikakken iko yana hannunsa, kuma umarnin da aka yi masa amfani da shi ranar Litinin da dare yana nan, layi ɗaya ne. Ya yi tunanin ya ce a'a don hankalin yaron ya kwanta, sai ya fasa.

"Zan iya sake maka kalma idan ka manta taka, amma sai ka ce in yi. In na yi ba ka sani ba, na'urar za ta rubuta, kuma zan nuna maka inda ake dubawa."

Ya dawo ya zauna kusa da shi, ya buɗe Event Viewer, ya nuna masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan ta daren Litinin babu wanda ya ce komai. Yaron ya karanta lokacin, ya gyaɗa kai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin ya nuna saura kashi 40. Ɗalibin ya ce ya yi sauri ya buga aikin ajinsa kafin ta mutu, shi zai je ya sayo musu burodi.